Malam Tukur Mai Shela Da Saƙon Da Ya Ƙi Fita

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Kurfi ya san Malam Tukur mai shela. Ko bai san fuskarsa ba, ya san tsohon jan babur ɗinsa da lasifikar da yake ɗaurewa a baya da igiyar roba. Bana shekarunsa sittin da uku. Gajere ne, baƙi, ba mai yawan magana ba in ba a bakin aiki ba. Katanga ɗaya ta raba gidansa da gidan da na tashi, shi ya sa na san abin da zan faɗa a kansa.

Gadon shela ya yi. Mahaifinsa da ƙafa yake zaga gari, ba shi da kayan aiki sai makogwaronsa. Malam Tukur ya karɓa yana ɗan shekara ashirin da biyar, ya fara da keke, daga baya ya sami lasifikar hannu mai batir, sannan babur. Sana'ar ba ta ciyar da gida ita kaɗai, don haka da damina ana samunsa a gonarsa ta hanyar Dutsin-Ma, inda yake noma gero da wake. Amma in akuya ta ɓace, ko za a ɗaura aure, ko an yi rasuwa, ko an kawo taki, ko za a fara ɗaukar yara a makaranta, wurinsa ake zuwa. Ba ya rubuta komai. Ka faɗa masa sau biyu, ya rufe ido ya maimaita maka, shi ke nan ya zauna. Yana iya riƙe saƙo shida a kai ya zaga ƙauyuka bai haɗa na wani da na wani ba.

Shekara huɗu da suka wuce muryarsa ta dishe. Ya ɗauka mura ce, ya sha citta da zuma har wata biyu. Da abin ya ƙi, babban ɗansa Kamilu, wanda ke aikin walda a Abuja, ya zo ya kai shi asibiti a Katsina. Aka ce wani tsiro ne a makogwaro, aka yi aiki aka cire. Ya warke sarai, sai dai murya ba ta dawo ba. Abin da ya rage masa raɗa ce mai kauri, wadda sai ka matso kusa za ka ji. Likita ya ce kada ya ƙara tilasta mata.

Wata biyar yana zaune a ƙofar gida. Bai yi wa kowa ƙorafi ba, amma matarsa Turai ta ce a watannin nan ko rabin tuwonsa ba ya ci. Ranar kasuwa kuwa ko zaure ba ya fitowa.

Kamilu ne ya aiko masa da sabuwar lasifika, irin wadda ake caji, mai ramin sa memori. Da ita aikin ya dawo ta wata hanya. Mai saƙo zai zo ya yi magana a ƙaramar wayar Malam Tukur mai madannai, wayar ta naɗa a memori, shi kuma ya zare memorin ya sa a lasifika, ya hau babur. Wanda ya riga ya naɗo nasa a gida sai ya turo ta bulutut. Malam Tukur bai yi boko ba, amma ya haddace inda ake dannawa kamar yadda yake haddace saƙo: sau uku ƙasa, sau ɗaya dama, sai na tsakiya. Memorinsa huɗu, yana ajiye su a wani ɗan gwangwanin man zafi da ya wanke.

Nan ya fara sanin cewa wayoyi ba duka suke ga maciji da juna ba. Mai babbar waya zai zo ya ce, "Malam, buɗe Zenda in turo maka." Ba shi da Zenda. Wani ya ce bari ya sa masa ta Wasaf. Ba shi da Wasaf, wayarsa ba ta ma san da data ba. Wani lokaci saƙon zai shigo lafiya ta bulutut, a sa memori a lasifika, ta yi tsit kamar ba a sa komai ba. Irin wannan sai ya ɗauka ya tafi Dutsin-Ma, tafiyar kusan minti arba'in, wurin wani mai gyaran waya da ake kira Lado, wanda ke da shago kusa da tasha. Lado zai sa a kwamfuta ya juya saƙon zuwa irin wanda lasifikar ke karantawa. Malam Tukur ya taɓa tambayarsa dalili.

"Duk murya ce, Malam," in ji Lado, "amma kowane kamfani da irin buhun da yake zuba tasa. Lasifikarka buhu iri ɗaya kawai ta iya kwancewa."

"To su zauna su yi buhu ɗaya mana."

Lado ya yi dariya ya ce, "Sai ka je ka yi masu shela."

Haka aka yi ta tafiya har bazarar bara, lokacin da ƙyanda ta ɓulla a wasu ƙauyuka na gefen Kurfi. An rasa yara uku cikin mako biyu. Wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Linda, 'yar Filato ce da ta shekara shida tana aiki a garin, ita aka ɗora wa shirya rigakafi. Ta aika aka kira Malam Tukur da hantsi, ana gobe kasuwa.

"Baba, an naɗo sanarwa daga Katsina an turo mani," ta ce. "Minti biyu ce. Ina so gobe ta zaga kasuwa, jibi ƙauyuka, don ranar Asabar za mu fara allura."

Ya ciro wayarsa ya kunna bulutut, ya ajiye bisa teburinta. Ta ajiye tata kusa da ita. Tata ayfon ce, ƙanenta ya ba ta. Suka jira. Wayarsa ta nemo wayoyi uku a ginin, har da ta mai gadi, amma ba ta ga wadda ke manne da ita ba. Suka kashe suka kunna. Suka canja wuri, suka fita baranda. Babu.

Linda ta ce a gwada haɗa wayarta da lasifikar kai tsaye. Wannan ya yi. Muryar wani mutum ta cika ofis tana bayanin ƙyanda, har masu jiran awo suka leƙo. Malam Tukur ya yi murmushi, sai kuma ya lura da fuskarta.

"Ai wannan sai wayar tana kusa da lasifikar," ta ce. "Kwana biyu za ka yi kana yawo. Duk kiran ma'aikatana ta nan yake shigowa, sunayen ƙauyuka da lissafin allura duk suna ciki. Ba zan iya ba ka ita ba, Baba, kada ka ji haushi."

"Ni ma ba zan karɓa ba," ya ce da raɗarsa. "In ta faɗi bisa hanya, da me zan biya ki?"

Akwai kwamfuta a ofishin, amma babu wuta tun safe. Da aka tada janareta aka sa kebul, kwamfutar ta nuna hotunan da ke wayar kawai, ba ta nuna murya ba. Sai direbansu, Julius, ya ce ta tura masa ta Wasaf, tunda tasa wayar na magana da ta Malam. Sabis ya yi rauni a ranar. Julius ya tsaya ƙarƙashin bishiyar darbejiya yana ɗaga waya sama kusan minti ashirin kafin saƙon ya sauka. Ya tura wa Malam Tukur ta bulutut, ya shiga. Aka zare memori aka sa a lasifika. Ta yi tsit.

Malam Tukur ya san wannan shirun. Ya maida memorin cikin gwangwani, ya ce su ba shi zuwa la'asar. Ya hau babur cikin zafin azahar ya nufi Dutsin-Ma.

Ya tarar da shagon Lado a kulle. Maƙwabcinsa mai sayar da caja ya ce an yi masa rasuwa a Shema, ya tafi tun jiya, sai an yi sadakar uku zai dawo. Ya nuna masa wani shagon a layin jami'a. Can ma an gwada, amma mai shagon ya ce abin da ake juya murya da shi sai an sauko da shi daga intanet, kuma ya fi awa yana jira bai sauka ba. Malam Tukur ya yi sallar azahar a masallacin tasha, ya sha ruwa leda biyu, ya juyo.

Da ya dawo ofis, suka yi dabarar da ta rage. Aka rufe ƙofa da taga, Linda ta kunna sanarwar a wayarta, shi kuma ya kara tasa a bakinta yana naɗa. Wannan karon lasifika ta karɓa. Amma abin da ya fito kamar mutum na magana daga cikin randa. Da aka ƙara sauti yadda za a ji a kasuwa, sai ya koma gurnani. Sau uku suna sakewa.

Linda ta saurari na ukun ta girgiza kai. "Ka ji wurin shekarun yara? Ba a gane wata tara ya ce ko shekara tara. In uwa ta ji shekara tara, za ta bar na goye a gida, kuma su ne ƙyandar ta fi kashewa. Ba zan bari wannan ya fita ba."

Ya ce to ta karanta da bakinta. Ta gwada. Hausarta ta ishe ta aiki da ciniki, amma da ta ga waya a gaban bakinta sai harshe ya riƙa sarƙewa, ta tsaya ta yi dariya, ta sake. A na huɗu ta kai ƙarshe, ta saurara, ta rufe fuska da hannu.

"Matan ƙauye za su tsaya dariyar Hausata su manta da abin da na ce. Bari mu gani da safe, Baba, ko Allah zai kawo wani."

Ya koma gida bayan la'asar. A lokacin ya ji sanarwar ta fi sau goma, tana kansa daga farko har ƙarshe. Ya zauna a tsakar gida bisa tabarma yana goge lasifika da tsumma, bakinsa na motsi. Turai na gefe tana murza ƙuli-ƙuli, sana'arta ke nan tun tana amarya. Shekararsu talatin da shida tare. Kusan duk shelar da aka taɓa yi a garin ta fara jin ta a wannan tsakar gida, don a nan yake maimaitawa kafin ya fita.

"Malam, me kake ta karantawa tun ɗazu?"

Ya gaya mata yadda aka yi, tun daga tebur har Dutsin-Ma.

Ta ci gaba da murza na ɗan lokaci. Sannan ta ce, "To ka faɗa mani ni in faɗa."

Ya dube ta. "Ke? A kasuwa?"

"Ni ina nan gida. Murya ce za ta tafi."

"Mutane za su yi magana. Yayanki ma sai ya zo."

"Ya zo. Wa ke goya yara zuwa allura, shi ko mu? Ɗiyar Gwaggo Hansai da ƙyanda ta kashe aka rufe ranar Talata, ni na yi wa uwar wankan jego lokacin da aka haife ta." Ta share hannu a zani. "In ba ka so, ka ce ba ka so. Amma kada ka ce don mutane."

Ya gaya mani daga baya cewa ba maganar mutane ce ta fi tsaya masa ba. Abin da ya ji shi ne, duk shekarun nan da yake naɗar muryoyin wasu, bai taɓa jin an karɓe masa aiki ba, don kowa saƙonsa yake faɗa. Wannan kuwa shela ce sosai, irin wadda shi ya kamata ya yi, kuma ga ta za ta fito daga wani bakin. Duk da haka ya tashi ya kora kaji waje don kada kukansu ya shiga naɗin.

Suka jira injin niƙan maƙwabta ya tsaya. Suka shiga ɗakinta suka sa labule. Yana raɗa mata jimla, tana ɗaga murya tana faɗa. Na farko ta yi sauri. Ya tsayar da ita.

"Ba hira kike ba. Wanda ke can wurin 'yan awaki, sai maganar ta yi tafiya kafin ta kai mashi. Ki faɗa, ki ƙirga uku a zuci, sannan ki ci gaba. Wurin lamba kuma sau biyu ake faɗa."

Ta sake. Da suka zo wurin da mutumin Katsina ya ce "ana kira ga ɗaukacin iyaye da su gabatar da 'ya'yansu," sai ta tsaya.

"Wa ke magana haka? Ni ba zan ce gabatar ba."

"Haka aka ce."

"To ni zan ce ku kawo su. Kuma wata taran nan, wace ce ke ƙirga wata a ƙauye? Sai a ce duk yaron da aka haifa tun kafin a yi girbin gero, har zuwa ɗan shekara biyar."

Ya ce ba a taɓa saƙon hukuma. Ta ce to a faɗi nasu, sannan a ƙara nata. Aka yi haka. Kafin kiran magariba sun gama, a karo na bakwai.

Da sassafe ya kai wa Linda gida. Ta fito da butar shayi a hannu, ta saurara a tsaye. Da ta ji muryar mace sai ta ɗago ta dube shi. Ta sa ya maimaita. Ta zauna bakin baranda ta ƙirga watanni da yatsa daga girbin gero.

"Wannan bai cika tara ba, Baba. Daga girbi zuwa yanzu wata shida ne da 'yan kwanaki. Sai dai a ce tun kafin faɗuwar damina, lokacin shuka. Ka roƙar mani Mama ta gyara wannan kawai. Sauran kada ta taɓa komai."

Ya koma gida, aka sake korar kaji. Turai ba ta ji daɗin an kama ta da kuskure ba, ta ce ai ita ma ta yi shakka. Ƙarfe tara saƙon ya shiga kasuwa.

An yi magana, kamar yadda ya ce. Wani dattijo a rumfar 'yan hatsi ya tare shi ya ce bai dace a riƙa yawo da muryar matar aure a bainar jama'a ba. Malam Tukur ya rage sauti, ya saurare shi har ya gama, ya nuna makogwaronsa, ya wuce. Wasu matasa suka riƙa kwaikwayon "ku kawo su, ku kawo su" suna dariya. Yayan Turai ya zo da yamma kamar yadda aka zata, ya yi faɗa a zaure, ya ci tuwo, ya tafi. A gefen masu sayar da nono da daddawa kuwa an gane muryar tun jimlar farko. Wasu mata suka tsayar da babur suka ce a sake daga farko, suka tambaya ko da gaske Turai mai ƙuli ce, kuma ko ita ma za ta kai jikokinta. Ya gyaɗa kai.

Ranar Asabar an sami mutane sosai, har allurar da aka ware wa wasu ƙauyuka biyu ta ƙare kafin azahar, sai da aka ƙaro. Na tambayi Linda ko muryar Turai ce ta jawo haka. Ta ce ba za ta iya rantsuwa ba, don yaran da aka rasa sun riga sun tsorata mutane. Abin da ta sani kawai, babu uwar da ta zo tana tambayar shekara nawa ake karɓa.

Daga nan tsarin aikinsa ya canja. In mai saƙo ya zo da wayar da ta ƙi magana da tasa, ba ya ƙara doguwar jayayya. Zai ce a kunna masa sau biyu, ya rufe ido, ya kai gida a kai. Turai ta faɗa, ya naɗa. Sanarwar rasuwa da abin da ya shafi masallaci kuwa ba ta yi, ita ce ma ta ce ba za ta yi ba, don haka maƙwabcinsu Malam Usaini ke ba da murya a irin waɗannan. Dutsin-Ma sai in mai saƙo ya nace lallai muryarsa yake so a ji, kamar 'yan siyasa da masu maganin gargajiya.

Da Kamilu ya ji labari, ya aiko masa da babbar waya mai Wasaf da Zenda. Ta rage wahala amma ba ta kashe ta ba. Saƙo na shigowa cikin sauƙi yanzu, sai dai rabinsu lasifika ba ta karantawa har sai an juya su, kuma yatsunsa da suka saba da fartanya ba sa jituwa da gilashi. Bayan wata biyu ya bar wa Turai ita, tana kallon hotunan jikoki. Ya koma ga mai madannai.

Makon da ya wuce na je gaishe shi, na tarar da wani makiyayi daga Kuki a zaure. Karsanarsa ce ta ɓace kwana uku, yana zaton an biyo da ita wajen Kurfi. Ya naɗo bayani a wayar ƙanensa, amma ƙanen ya ƙi ba shi wayar, ya zo hannu biyu. Malam Tukur ya ce ba komai, ya faɗa da baki. Mutumin ya ce fara ce, mai ɗigon baƙi a wuya, ƙahon hagu ya ɗan karkace.

Daga bayan labule Turai ta ce, "Malam, tambaye shi hagunta ko hagun mai kallonta."

Makiyayin ya ɗaga hannuwansa biyu yana dubawa. Can ya ce hagunta.

Malam Tukur ya sa shi ya maimaita daga farko, sannan ya ce mu ba shi minti goma, ya ɗauki wayarsa ya shiga ciki.